Yadda Za Ka Gane Kayan da Kwastam Ta Hana Kafin Ka Biya Kuɗinsu ko Ka Ɗaure Jakarka

A farkon damanar bara wani maƙwabcina mai sayar da kayan lantarki a nan Kaduna ya yi mini sallama bayan la'asar, riƙe da takardu a cikin leda, ya zauna a bakin tabarma bai ko kalli ruwan da aka kawo masa ba. Shi da abokan kasuwancinsa biyu sun haɗa jari sun sayo tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki daga Turai, kwantena ta iso Legas, sai ejan ɗin da suka ɗauka ya daina ɗaga waya. Ya ce mini, "Malam, duba mana ko nawa ne kuɗin fiton, mu san yadda za mu haɗa." Sai da na karanta takardar jerin kayan sau biyu kafin na iya ce masa, "Alhaji, sai haƙuri. Waɗannan kaya ba su da kuɗin fito, domin tsohon firji da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki suna cikin abubuwan da aka hana shigowa da su ƙasar nan." Ya daɗe yana juya takardun a hannunsa. Jarin da suka yi shekaru suna tarawa ya salwanta saboda tambaya guda wadda da sun yi ta kafin su tura kuɗi, da ba ta ci musu ko sisi ba.

Wannan tambaya ita ce kan gaba ga duk mai shirin shigo da kaya, ko fitar da su, ko tafiya da su a jakarsa: shin doka ta yarda wannan abu ya ƙetare iyaka, kuma idan ta yarda, da wane sharaɗi? Hukumar Kwastam ta Najeriya tana aiki ne yanzu da dokar 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma dokar ba ta bambanta mai kwantena goma da hajiyar da ta dawo daga Dubai da akwati uku ba. Abin da ke bambanta su shi ne irin kayan da yawansu.

Fara da gane rukunin da kayanka suke

Kayan da ake taƙaddama a kansu sun kasu uku, kuma rikita su shi ne tushen yawancin asarar da na gani. Rukuni na farko shi ne wanda aka haramta kwata-kwata saboda tsaro, ko lafiya, ko tarbiyya, ko zaman lafiyar jama'a. A cikinsa akwai jabun kuɗi da kayan kwaikwayo da aka saci sunan masu su, da bindigar da aka yi wa siffar wani abu don a ɓoye ta, da kayan sake cika harsashi, da hotuna da littattafan batsa, da sharar masana'antu mai guba, da naman da jami'in lafiya ya ce bai dace a ci ba, da takardun shaidar ciniki da ba a cike ba. Akwai kuma abubuwan da mutane da yawa ba sa zato. Wuri yana cikin jerin, tun zamanin da ake ciniki da shi. Yadi ko tufafi ko kwanuka masu ɗauke da rubutun ayoyin Alƙur'ani ko na hadisi, da haruffan Larabci ne ko da na boko, su ma suna ciki, haka nan duk wani kaya mai zanen da zai iya tayar da fitina ko ya taɓa addinin wasu. Wanda zai yi odar atamfa ko gyale daga waje, ya kamata ya nemi a turo masa hoton zanen ya duba rubutun da ke jiki kafin a fara bugawa.

Gwanjo ma yana cikin wannan rukuni na farko, kuma a nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya lura. Duk wanda ya shiga Kasuwar Barci ya ga dila a kan dila zai ɗauka cewa shigo da gwanjo halal ne a idon doka, alhali yawancinsa ta bayan fage yake shigowa, kuma duk wata ana kama shi a hanya. Ganin kaya a kasuwa ba hujja ba ce cewa an yarda a shigo da su. Mai sayarwa a rumfa yana iya kwana lafiya, amma wanda sunansa ke kan takardar shigo da kayan shi ne zai amsa tambaya.

Rukuni na biyu shi ne kayan da ba su da wani aibu a kansu, sai dai gwamnati ta hana shigo da su don ciniki, galibi domin ta kare manoma da masana'antun cikin gida. Mu mutanen Kaduna mun san abin da ake gudu, tunda a gabanmu masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har da ta farkonsu wadda aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002. A wannan jerin za ka tarar da kaji masu rai da daskararru, da naman sa da na alade, da ƙwai in ban da na ƙyanƙyasa, da tataccen man girki, da sukari da tumatirin gwangwani da ruwan 'ya'yan itace da aka ƙulla don sayarwa ɗai-ɗai, da taliya, da siminti na buhu, da sabulu da garin wanki, da maganin sauro na kunnawa, da tsofaffin tayoyi, da kwali da takardar bayan gida da littattafan rubutu, da biro, da kafet, da takalma da jakunkuna da akwatuna in ban da wasu nau'o'i kamar takalman wasanni. Magunguna da yawa da ake haɗawa a cikin gida su ma suna ciki, irin su farasitamol da asfirin da kulorokwin da metronidazol da ƙwayoyin ƙarin jini da ruwan da ake ƙara wa marar lafiya. Tsofaffin firji da kwamfaresa da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda suka karya maƙwabcina, nan ne gurbinsu.

Wannan jeri na biyu yana canzawa, domin Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya tana sake duba shi tare da sauran matakan haraji, a cire wani abu a ƙara wani. Saboda haka kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka shekara uku da suka wuce, kada ma ka tsaya a kan abin da na lissafa a sama kaɗai. Ka buɗe shafin intanet na Hukumar Kwastam ka karanta jerin da ke aiki a ranar da za ka biya kuɗi, ko ka taka da ƙafarka zuwa ofishin kwastam na Kaduna ka tambaya. Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a warware. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kaya 41 da ya ce ba zai ba da dala a farashin gwamnati don shigo da su ba, daga baya suka kai 43, kuma a watan Oktoban 2023 ya janye wannan takunkumi. 'Yan kasuwa da dama sun ji labarin janyewar suka ɗauka an buɗe ƙofa ga komai. Wancan jeri na samun kuɗin waje ne, na kwastam kuwa yana nan daram, kuma shi ne jami'i zai buɗe a gabanka.

Rukuni na uku shi ne mafi faɗi, wato kayan da aka yarda a shigo da su amma sai da izinin wata hukuma. Abinci da magani da kayan kwalliya da sinadarai da kayan asibiti suna ƙarƙashin hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, kuma turare da man shafawa da mata da yawa ke sarowa daga Dubai da Masar suna cikinsu. Kayan lantarki da wayoyin wuta da sababbin tayoyi da kayan wasan yara da makamantansu suna bukatar takardar ingancin kaya ta hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki, SON, wadda ake kira SONCAP, kuma tun a ƙasar da aka sayi kayan ake fara neman ta. Iri da tsirrai da dabbobi masu rai sai da izinin hukumar killace kayan gona, NAQS. Wayoyi da na'urorin sadarwa sai nau'in da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi. Jirgi marar matuƙi, ko da ƙaramin nan ne da masu ɗaukar hoton biki ke tashi da shi a kan taro, da rigar sulke, da yadi mai launin kakin soja, da mota mai sulke, da abubuwan fashewa, dukkansu sai da takardar shaidar mai amfani da kaya daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Ƙa'idar wannan rukuni guda ce: ana karɓar izini kafin a loda kaya. Wanda ya bari sai kaya sun iso sannan ya fara bin ofisoshi, zai biya kuɗin ajiya na kowace rana a tasha, kuma babu tabbacin za a ba shi izinin daga ƙarshe.

Abin da ɗan kasuwa zai yi kafin ya tura kuɗi

Da zarar ka tsayar da abin da za ka sayo, ka nemi lambar HS ta kayan, wato lambar da ƙasashen duniya suka yi ittifaƙi a kanta don rarrabe kowane irin kaya. Da ita ake gane ko kayan suna cikin jerin hani, da ita kuma ake sanin harajinsu, wanda a tsarin ƙasashen ECOWAS ya kasu mataki biyar: kashi 0, da 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari, ban da sauran kuɗaɗen da ake ɗorawa. Mai sayar maka zai iya ba ka lambar, amma ka tabbatar da ita a wurin ejan mai lasisin kwastam, domin lamba ɗaya da aka kuskure tana iya mayar da halattaccen kaya haramtacce a kan takarda. Daga nan sai ka buɗe Fom M, wato takardar da mai shigo da kaya ke bayyana abin da zai shigo da shi, ta hannun bankinka da lambar harajinka ta TIN, ka haɗa da takardar farashi da izinin hukumar da abin ya shafa. Bayan an loda kaya banki zai tura takardun ƙarshe, kwastam ta fitar da PAAR, wadda ke nuna rukunin kayan da ƙimar da za a yi lissafin haraji a kanta. Idan kayan haramtattu ne, a matakin Fom M ya kamata magana ta tsaya, kuɗinka na aljihunka. Abin da maƙwabcina ya tsallake ke nan, domin an ce masa akwai gajeriyar hanya.

Ka yi hattara da ejan ɗin da zai ce maka ka bar masa komai, shi ya san yadda zai rubuta. Ma'anar wannan magana a mafi yawan lokuta ita ce zai rubuta sunan wani kaya daban a kan takarda, ya kira takalma kayan gyaran inji, ko ya rage yawan abin da ke ciki. Idan aka buɗe kwantena aka ga saɓanin abin da aka rubuta, laifin bayanin ƙarya ya hau kan mai kaya, kuma halattattun kayan da aka yi amfani da su wajen ɓoye haramtattu suna iya tafiya tare da su. Ka karɓi kwafin kowace takarda da aka shigar da sunanka, ka karanta ta layi-layi, ka kuma biya haraji ta banki ka riƙe rasit ɗinka.

Ƙananan 'yan kasuwa, musamman mata masu saro kaya daga Chaina da Turkiyya, yawanci ta hannun masu kago suke aikowa, inda ake haɗa kayan mutum ashirin ko talatin a kwantena ɗaya. Tsarin yana da sauƙin kuɗi, sai dai yana da haɗarin da ba a cika faɗa ba, domin idan mutum ɗaya ya cusa ƙwayoyi ko wani haramtaccen abu a cikin nasa kwalin, kwantenar gaba ɗaya za a tsare, kayan kowa su yi watanni a ajiye. Kafin ki ba su kayanki, ki tambaye su ko suna buɗe kowane kwali su duba kafin su loda, ki nemi su ba ki jerin abubuwan da ba sa karɓa a rubuce. Kamfanin da ya ce yana karɓar komai, ki ɗauki kayanki ki nemi wani.

Tashar sauke kaya ta kan tudu da ke Kakuri, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2018, ta ba ɗan kasuwar Kaduna damar a rubuta Kaduna a matsayin inda kaya za su sauka, a kuma yi binciken kwastam a nan gida, inda mutum zai iya tsayawa a kan kayansa da kansa. Wannan sauƙi ne babba, amma jerin hanin da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas shi ne yake aiki a Kakuri.

Mota da shinkafa suna da nasu hukunci na musamman. Tun daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota, sabuwa ko tsohuwa, ta iyakar ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa, kuma tsohuwar motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa tana cikin jerin hani. Shinkafar waje ma an hana shigo da ita ta kan iyakar ƙasa tun 2016, kuma sake buɗe iyakoki irin su Illela da Maigatari a watan Disamban 2020 bai ɗage wannan hani ba. Rundunar sintiri ta kwastam ta Shiyya ta B, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, tana da ikon tsayar da mota a kan hanya ta nemi takardun fito, ko da motar ta yi shekaru a hannun mai ita. Saboda haka idan za ka sayi mota a wurin dillali, ka karɓi takardun kwastam ɗinta ka kai ofishinsu a tantance maka, ka gwada lambar shasi da ke jikin takarda da wadda ke jikin motar, sannan ka biya.

Fitar da kaya waje

Mutane sun fi sanin hanin shigowa, amma akwai jerin abubuwan da aka hana fitarwa. A cikinsa akwai masara, da katako, da ɗanyar fata da ƙirgi da duk fatar da ba a gama jeme ta ba, da tsofaffin ƙarafa, da ɗanyen ƙaron roba, da kayan tarihi, da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa da duk abin da aka samu daga jikinsu, kamar hauren giwa da fatar kada da ta damisa. Masu harkar ƙarafa a Panteka da masu sayen fatar jaki a kasuwannin ƙauye su lura da wannan. Gwamnati kan kuma ɗora hani na ɗan lokaci, kamar yadda ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata shida a watan Agustan 2025, lamarin da ya tarar da wasu da kaya a sito.

Batun kayan tarihi ya shafi jiharmu fiye da kowace. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 a wurin haƙar kuza kusa da garin Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba, suna cikin tsofaffin ayyukan hannu da aka fi daraja a Afirka, kuma an yi shekaru ana sace su ana sayarwa a Turai. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da su ba da izininta ba, kuma ina ganin wannan hani ne da ya kamata kowane ɗan jihar nan ya tsaya a kansa da zuciya ɗaya, domin abin da ya fita ba ya cika dawowa. Ko sabon sassaƙa ka saya don tsaraba, in dai yana kama da tsohon abu, ka kai shi gidan tarihi na Kaduna da ke kan titin Ali Akilu a duba, a ba ka takardar da ke nuna cewa ba kayan tarihi ba ne.

Mai fitar da halattaccen amfanin gona, kamar cittar Kachia ko riɗi ko zoɓo, yana bukatar rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, da Fom NXP, wato takardar bayyana kayan da za a fitar, ta banki, da takardar lafiyar tsirrai daga NAQS. Sannan ya binciki dokar ƙasar da zai kai, domin izinin fita daga Najeriya ba ya buɗe ƙofar wata ƙasa. Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwarin da ake zuba masa a wurin ajiya.

Matafiyi da jakarsa

Tufafinka da takalmanka da kayan amfaninka na yau da kullum ba sa cikin wannan lissafi, ko da tsofaffi ne, haka ma dardumar salla biyu ko uku da alhaji ya riƙo don tsaraba. Abin da jami'i ke dubawa shi ne yawa da kama: takalmi ƙafa huɗu masu girma daban-daban tsaraba ce, ƙafa sittin iri ɗaya a cikin kwalayensu kuwa haja ce. Daga watan Satumban 2025 kwastam ta yafe haraji a kan ƙananan kayan da ƙimarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara, amma rangwamen bai shafi kayan da aka haramta ko aka gindaya wa sharaɗi ba. Ka riƙe rasit na duk abin da ka saya, domin idan babu shi jami'i ne zai yanke ƙimar.

Idan kana ɗauke da kuɗin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa, tsaba ne ko cak, dole ka bayyana wa kwastam a kan fom, a lokacin fita da lokacin shigowa. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifin, kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta tanadi ƙwace kuɗin da ba a bayyana ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara biyu ba, ko duka biyun. Amurka ma dala 10,000 ce iyakarta, Ingila fam 10,000, ƙasashen Tarayyar Turai yuro 10,000. Saudiyya tana haɗa zinare da gwala-gwalai a cikin lissafin abin da za a bayyana, don haka hajiyar da za ta sayo sarƙa da warwaro ta tambayi iyakar kafin ta nufi filin jirgi.

Magani ya fi komai jefa mutanen kirki cikin masifa. Tiramadol da NAFDAC ta amince da shi shi ne mai miligiram 50 da mai 100, kuma da takardar likita, duk wanda ya haura haka haramtacce ne. Maganin tari mai kodin an hana shigo da shi da haɗa shi tun watan Mayun 2018. Idan kana shan magani na dindindin, na hawan jini ko na suga ko na ciwon gaɓoɓi, ka bar shi a cikin kwalinsa na asali, ka ɗauki iya abin da zai ishe ka tafiyar, ka haɗa da takardar likita mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo. Kada ka juye ƙwayoyi a leda, kada kuma ka ɗauki garin maganin gargajiya wanda ba za ka iya bayanin abin da ke cikinsa ba. Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma ta hana shiga da goro, abin da hukumar alhazai ke nanata wa maniyyata kowace shekara a wurin bita da kuma sansanin alhazai na Mando.

Sai batun saƙo, wanda ya fi wuya a gare mu saboda kunya da zumunci. A watan Disamban 2018 aka kama wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya bisa zargin shiga da tiramadol, sai binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ya gano cewa wasu ne a filin jirgi suka liƙa sunanta a jikin jakar da ba tata ba, kuma ba a sake ta ba sai a ƙarshen watan Afrilun 2019. Darasin a aikace shi ne ka ƙirga jakunkunanka a wurin awo, ka duba yawan tikitin kaya da aka manna maka ka tabbatar ya yi daidai da abin da ka bayar, ka kuma ɗauki hoton jakunkunan da wayarka. Saƙon ɗan'uwa kuwa, a buɗe shi a gabanka kafin ya shiga jakarka. Lokacin da zan raka gwaggona filin jirgi za ta je wurin 'yarta a Ingila, wata maƙwabciyarta ta kawo ƙunshi an naɗe shi da salatif ta ce a kai wa ɗanta. Gwaggo ta ji nauyin ta buɗe, sai na ce, "Gwaggo, ki bari ni in ɗauki kunyar." Na ce wa matar, "Hajiya, ki yi mana afuwa, a can za su tambaye ta abin da ke ciki, kuma ba za ta iya cewa ba ta sani ba." Da aka warware sai ga kilishi da dambun nama da kwalbar man shanu, babu ko ɗaya da zai shiga Ingila.

Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su, komai bushewarsa, amma suna yarda da kifi har kilo 20 da zuma har kilo 2. Amurka ma ba ta karɓar namanmu, har da dunƙulen miya mai ɗauke da sinadarin kaza ko na sa, kuma tana bukatar ka bayyana duk abincin da kake ɗauke da shi. Wanda ya bayyana aka ga abin bai halatta ba, karɓewa kawai za a yi a zubar, wanda ya ɓoye aka gano kuwa tara ce za ta hau kansa. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawa sun fi samun wucewa idan an ƙulle su da tsabta an rubuta sunansu a jiki, duk da haka a bayyana su. Kamfanonin jirgi kuma suna da nasu ƙa'idoji daban da na kwastam: batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu, Zamzam kuma ba a cusa shi a cikin akwati.

Idan an riga an tsare kayan

Kada ka yi gardama a wurin, kada kuma ka miƙa wa kowa kuɗi a hannu. Ka nemi a ba ka takardar tsarewa ko ta kamawa mai nuna abin da aka riƙe da yawansa da dalilin riƙe shi da ofishin da za a kai shi, ka rubuta sunan jami'in da ke jikin rigarsa da rana da wurin. Idan matsalar ta haraji ce da bai cika ba, za a ba ka takardar neman cikon kuɗi, ka biya ta banki a sakar maka kayanka. Idan takardar izini ce ta ɓace, ka garzaya hukumar da ta bayar a ba ka kwafi. Idan kuwa kana da yaƙinin cewa kayanka halattattu ne an kama su bisa kuskure, ka rubuta ƙorafi zuwa ga kwanturolan yankin ka haɗa da kwafin Fom M da PAAR da rasit ɗin biyan haraji, ka kuma nemi lauya da wuri, domin shari'ar kwastam a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, kuma da zarar kotu ta mallaka wa gwamnati kayan, sai dai a yi gwanjonsu ko a lalata su. Takardun asali su zauna a hannunka, kwafi kaɗai za ka riƙa miƙawa, kuma duk wanda ya karɓa ya sa maka hannu da kwanan wata a kan naka kwafin.